Tantance Ƙudan Farauta ta Hanyar Siffofin Jikinsa: Misali daga Yankin Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙwarin da ɗalibi zai iya cin karo da su a bakin gona ko a filin makaranta a Maiduguri, akwai wani ƙuda mai dogon jiki da gashi a fuska, wanda kan tsaya cik a kan tsakuwa ko busasshen kara da rana tsaka. Can sai ya zabura ya cafke wani ƙwaro a cikin iska, ya dawo kusa da inda ya tashi, ya zauna yana tsotse shi. Masana ilmin ƙwari suna kiran danginsa Asilidae, kuma ire-irensa da aka riga aka bayyana a duniya sun haura 7,000. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake gane shi ta siffofin jikinsa, da iyakar inda ido zai kai mai nazari, da kuma kalmomin Hausa da muke ganin sun dace da koyar da darasin.

Dalilin da ya sa muka ware masa wannan fili shi ne, kuskure a kansa yana jawo asara. Makiyayan Borno, musamman na kusa da Tafkin Chadi, sun san bobuwa farin sani, wato ƙudan nan mai cizon shanu da dawaki da raƙuma. Macen bobuwa jini take sha, kuma a bakinta takan ɗauki ƙwayar cutar Trypanosoma evansi, mai haddasa wani irin sammore, daga wannan raƙumi zuwa wancan. Ga wanda bai san bambanci ba, duk wani babban ƙuda mai tsinin baki bobuwa ne. Idan littafin makaranta ya sa hoton ɗaya ƙarƙashin sunan ɗaya, to ɗalibi zai tashi yana kashe abin da ke cin fara a gonar mahaifinsa, a zatonsa dabbobi yake karewa. Wannan ruɗani ya daɗe. A harshen Latin, kalmar asilus sunan ƙudan da ke addabar shanu ne, amma a shekarar 1758 Linnaeus ya ɗauke ta ya laƙaba wa wannan ƙwaro da bai taɓa shan jinin saniya ba. Daga nan Latreille ya samo sunan dangin a 1802.

2.0 Batun Suna

Sunan da Ingilishi ke kiransa da shi ma'anarsa 'ƙuda ɗan fashi', haka ma na Jamusanci. Fassara kai tsaye za ta ba mu 'ƙudan fashi', sai dai ba mu zaɓe ta ba saboda dalilai biyu. Na farko, fashi a Hausa babban laifi ne, kuma yaron da aka ce wa ga ɗan fashi, abin da zai fara yi shi ne ya cire takalmi ya buge shi. Na biyu, kalmar tana da wata ma'ana da ɗan makaranta ya fi sani, wato ƙin zuwa aji a ranar karatu. Sunan da zai sa aji dariya kafin a fara darasi bai dace da littafi ba.

A wannan rahoto mun yi amfani da 'ƙudan farauta'. Ginin sunan ya bi sahun 'ƙudan zuma' da 'ƙudan tsando', sa'annan yana faɗin aikin ƙwaron ba tare da yanke masa hukunci ba. Wannan yana da muhimmanci a gari irin Maiduguri, inda ɗalibai da yawa harshensu na gida Kanuri ne, ko Larabcin Shuwa, ko Babur-Bura, ko Margi, Hausa kuwa a kasuwa da unguwa suka koye ta. Irin wannan ɗalibi ya fi saurin riƙe sunan da ke bayyana kansa.

Haka kuma, mun keɓe kalmomi huɗu don matakan rabe-raben halittu. 'Rukuni' shi ne babban taro, kamar Diptera, wato dukkan ƙwari masu fikafikai biyu. 'Dangi' yana ƙarƙashin rukuni, kamar Asilidae. 'Jinsi' yana ƙarƙashin dangi, kamar Promachus. 'Nau'i' kuwa shi ne matakin ƙasa, wanda ake rubuta sunansa da kalmomi biyu. A maganar yau da kullum ana musanya waɗannan kalmomi ba tare da wata illa ba, amma a darasin kimiyya wajibi ne kowace ta tsaya a matsayinta, in ba haka ba bayanin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba.

3.0 Siffofin da ke Tabbatar da Dangi

Abin da ake fara dubawa shi ne yawan fikafikai. Ƙudan farauta biyu gare shi, kamar ƙudan gida da sauro da bobuwa. A bayan kowane fiffike akwai wani ɗan tsinke mai kai kamar na ashana, wanda ke taimaka wa ƙwaron daidaita jikinsa a lokacin tashi. Mun kira su 'madaidaita'. Zuma da rina da zanzaro da mazari duk fikafikai huɗu gare su, kuma ba su da madaidaita. Da wannan dubawa kaɗai an fitar da waɗannan daga cikin ƙwarin da ake rikita shi da su.

Sauran aikin kusan duk a kai yake, don haka ya kamata ɗalibi ya kalli ƙwaron ta gaba, ido da ido. A fuskarsa, tsakanin ƙahonin ji da baki, akwai tarin gashi mai tauri da ya miƙo gaba. Masana suna kiransa mystax, kalmar da ta samo asali daga Girkanci mai ma'anar gashin-baki, saboda haka Hausa ba ta buƙatar aro a nan: 'gashin-baki' ya wadatar. Ana ganin amfaninsa shi ne kare idanu da fuska daga shure-shuren abin da aka kama, domin fara tana da ƙaya a ƙafa, zuma kuma tana da harbi. A wasu jinsunan gashin ya cika fuska, a wasu kuwa layi ɗaya ne a saman baki. Launinsa ma ya bambanta, akwai fari, akwai ruwan ɗorawa, akwai baƙi, akwai gauraye. Bobuwa ba ta da shi sam.

Siffa ta gaba ita ce wadda muka fi dogara da ita, ko da yake ita ce aka fi mantawa da ita a zane. Idan aka dubi saman kan ƙudan farauta, za a ga ya loɓa tsakanin manyan idanun biyu, har idanun sun fi tsakiyar kan tudu, kamar sirdi tsakanin duwatsu biyu. Mun kira wannan 'kwarin ka'. A tsakiyar kwarin akwai ɗan tudu mai ɗauke da ƙananan idanu uku. Manyan idanun kuwa a rabe suke a wurin namiji da mace baki ɗaya. A wurin bobuwa abin ba haka yake ba: saman kanta bai loɓa ba, kuma idanun namijinta sun haɗe a tsakiya. Mai zanen da ya yi wa ƙudan farauta kai mai kama da ƙwallo ya zana wani ƙwaro ne daban, komai kyan sauran zanen.

Bakinsa tsinke ne mai tauri, yawanci baƙi mai sheƙi, yana kallon ƙasa ko gaba. A cikinsa akwai wata allura da yake soka wa abin da ya kama a wurare masu laushi, kamar wuya ko mahaɗar ƙirji da ciki. Ta nan yake zuba yawu mai ɗauke da dafin da ke shanye jijiyoyi nan take, da kuma sinadaran da ke narkar da naman ciki. Daga nan sai ya tsotse ruwan, ya yar da ɓawon. Namiji da mace duk haka suke ci. Ba ya neman jinin mutum ko na dabba, amma idan aka damƙe babba da hannu yakan yi sukar da ke da zafi ƙwarai, don haka ba a barin yara su kama shi da yatsu.

Ƙirjinsa ya yi tozo saboda ƙarfin naman da ke kaɗa fikafikai. Ƙafafunsa dogaye ne masu ƙarfi, cike da gashi mai kama da ƙaya, kuma da su yake rungume abin farauta a iska. Cikinsa a mafi yawan jinsuna dogo ne mai tsini, sau da yawa yana zarce fikafikai idan an naɗe su a baya. Bobuwa kuwa gajera ce mai faɗi. Girma ba ya cikin abubuwan da ake dogara da su, domin a dangin akwai mai tsawon milimita 3, akwai kuma wanda ya haura milimita 50.

Ɗabi'a ma shaida ce, ko da ba siffar jiki ba ce. Bobuwa tana bin dabba, ƙudan farauta kuwa yana zaune wuri guda yana juya kai yana bin abin da ke wucewa da kallo. Ganinsa yana da kaifi matuƙa. Wani bincike da masana na Jami'ar Kambirij suka buga a 2017 a kan Holcocephala fusca, wani ƙaramin nau'i na Amurka ta Arewa mai tsawon kimanin milimita 6, ya nuna yana hango abin da bai kai milimita 2 ba daga nisan da ya kai rabin mita, ya kuma tare shi a hanya.

4.0 Daga Dangi zuwa Jinsi

Dangin Asilidae yana son wuri mai rana da sarari da ƙasa mai yashi, domin tsutsotsin da yawa daga cikinsu a cikin ƙasa suke rayuwa, suna cin tsutsotsi da ƙwayayen wasu ƙwari. Kewayen Maiduguri yana da irin wannan wuri: ga jigawar da ta bi tsohon gaɓar Tafkin Chadi ta wajen Bama, ga yashin bakin Kogin Ngadda, ga gefen gonakin gero. Ruwan sama yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da fara da sauran ƙwari suka yawaita, shi ne lokacin da ya fi dacewa malami ya fita da ɗalibai. Mafi yawan jinsunan da za mu ambata a nan sanannu ne a ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Bari mu ɗauki misalin babban ƙuda mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, mai tsawon kimanin milimita 25, da aka samu riƙe da fara a bakin gona. Mun ga fikafikai biyu, da gashin-baki, da kwarin ka, ke nan dangi ya tabbata. Mataki na gaba shi ne a shimfiɗa fiffike a kan farar takarda a dube shi da gilashin ƙara girma. Jijiyoyin fiffike sun raba shi gida-gida, kuma yawanci tsarin gidajen ba ya canzawa a cikin jinsi guda. A kusa da bakin gaba akwai wani dogon gida wanda a wasu jinsunan ya buɗe har gefen fiffike, a wasu kuwa ya rufe kafin ya kai gefe, ya ƙare da ɗan sanda. A ƙarƙashinsa, wajen ƙarshen fiffike, yawancin dangin gidaje biyu gare su. Idan aka ƙirga uku, saboda wata ƙarin jijiya da ta gitta, to a Afirka hankali zai koma kan Promachus da Philodicus da Alcimus.

Raba waɗannan uku yana buƙatar duba wani ɗan faifai da ke ƙarshen ƙirji ta baya, tsakanin tushen fikafikai. Sunansa na Latin ma'anarsa ƙaramar garkuwa, don haka mun kira shi 'garkuwar baya'. A Promachus gefen garkuwar yana da gashi mai tauri da yawa, a sauran biyun kuwa kaɗan ne. Promachus kuma ya fi kauri da yawan gashi, sa'annan mazan nau'o'insa da dama suna da tuntun farin gashi mai ƙyalli a ƙarshen ciki, wanda ake hangowa tun daga nesa. Alcimus siriri ne mai dogon ciki sosai. Idan ƙudanmu na bakin gona yana da gidaje uku, da garkuwa mai yawan gashi, da farin tuntu a wutsiya, muna iya rubuta Promachus, namiji, ba tare da fargaba ba.

Wannan jinsi ya cancanci a san shi. A ƙasar Sin, wani bincike da aka buga a 1995 ya nuna tsutsotsin Promachus yesonicus suna rage tsutsotsin buzuzun da ke cin saiwar alkama. Manyan kuwa suna kama fara. Ba muna cewa ƙudan farauta zai tsare gero daga farar Oedaleus senegalensis idan ta yi yawa ba. Ba ya zaɓen abinci, kuma abin da yake ci kaɗan ne a kan garken fara. Amma yana cikin masu rage ta, kuma feshin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana kashe shi tare da ita. Masu kiwon zuma kuma suna da hujjar yin tsaki, domin manyan nau'o'i suna kama ƙudan zuma. A Ajantina, Mallophora ruficauda ya zama sananniyar matsala ga masu amya.

Akwai wasu jinsuna uku da suka fi sauƙin ganewa. Ommatius yana da gashi jere a kan siririn ƙarshen ƙahon jinsa, kamar gashin tsuntsu. Stichopogon ƙarami ne mai launin toka, yana zama a kan yashi, sau da yawa kusa da ruwa, har sai ya motsa ake ganinsa. Leptogaster kuwa siriri ne kamar zare, yana shawagi a hankali cikin ciyawa yana tsintar ƙananan ƙwari daga kan ganye, kuma yara sukan ɗauke shi ƙaramin mazari har sai an ƙirga fikafikai.

5.0 Mai Shigar Burtu

Bayanin da muka yi na dogon ciki mai tsini yana da togaciya, kuma a nan ne malamai suka fi faɗawa kuskure. Kowa ya san babbar zumar nan baƙa, wani lokaci mai ɗamarar fari ko ruwan ɗorawa, wadda ke huda azara da busasshen itace tana ƙugi. Jinsinta shi ne Xylocopa. Akwai jinsin ƙudan farauta mai suna Hyperechia wanda ya yi kama da ita ƙwarai: jiki mai faɗi, gashi mai yawa, fikafikai masu duhu, har da ɗamarar a daidai inda ta zumar take. Macensa tana saka ƙwai a itacen da zumar ta yi gida, tsutsotsinsa kuma su ci tsutsotsin zumar. E. B. Poulton na Jami'ar Okisfod ya yi rubutu a kan wannan dangantaka tun a 1924.

Launi da faɗin jiki ba za su raba su ba. Abin da zai raba su shi ne siffofin nan na sashe na uku: fikafikai biyu da madaidaita, gashin-baki, kwarin ka, tsinken baki. A ƙara da ƙahon ji, wanda a wurin zuma dogo ne mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, a wurin ƙuda kuwa gajere ne. Wannan ne ya sa muke ganin bai kamata darasi ya fara da launi ba, ko da yake shi ido ke fara gani, kuma shi ne ya fi sauƙin faɗa da Hausa.

6.0 Inda Ido ke Tsayawa

A wasu ƙasashe akan sami nau'in da ido kaɗai ya isa a gane shi. A Ingila, misali, Asilus crabroniformis babba ne, cikinsa baƙi daga tushe, ruwan ɗorawa daga tsakiya zuwa ƙarshe, yana saka ƙwai a kashin shanu da dawaki, kuma babu wani da ya yi kama da shi a can. A Afirka lamarin ya sha bamban. Jinsi ɗaya kamar Promachus yana da nau'o'i masu yawa da suka yi kama da juna a launi da girma, kuma abin da ke raba su a mafi yawan lokuta shi ne ƙirar gaɓoɓin haihuwa da ke ƙarshen cikin namiji. Waɗannan sai an duba su da madubin ɗakin gwaji, wani lokaci bayan an jiƙa su an buɗe, sa'annan a gwada da zanen da ke cikin bayanin nau'in. Hoton waya, komai kyansa, ba kasafai yake kai mutum nan ba.

Manyan ayyukan da ake komawa gare su a wannan mataki sun haɗa da babin da Harold Oldroyd ya rubuta a kundin ƙudajen Afirka da gidan tarihin halittu na Landan ya buga a 1980, da dogon aikin Jason Londt na gidan tarihi da ke Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, da kuma babin da Londt da Torsten Dikow suka rubuta a 2017, wanda ke ɗauke da jagorar tantance jinsunan nahiyar.

Bisa ga haka, shawararmu ga marubuta littattafan makaranta ita ce su tsaya a inda shaidarsu ta tsaya. A firamare dangi ya isa: ɗalibi ya iya raba ƙudan farauta da bobuwa da zuma, ya kuma faɗi dalili. A sakandare ana iya kaiwa jinsi. Idan hoton da ke hannu bai nuna abin da ke tabbatar da nau'i ba, a rubuta sunan jinsi kaɗai a ƙarƙashinsa. Cikakken suna mai kalmomi biyu da aka kwaso daga hoton wata ƙasa aka manna wa ƙwaron Borno ya fi rashin suna illa, domin malami zai koyar da shi, a kuma tambaye shi a jarrabawa.

Makarantar da ke son a tantance mata abin da ta kama har zuwa nau'i tana iya neman taimakon masana ilmin ƙwari a Jami'ar Maiduguri, amma sai ta kai samfurin da zai yi amfani. A kama shi da ragar kamun ƙwari ko kwalba mai faɗin baki, a soke shi da siririyar allura ta ƙirji, ɗan gefe kaɗan da tsakiya domin kada gashin da ake dubawa ya lalace, a shanya shi a inuwa cikin akwatin da tururuwa ba za ta shiga ba. Idan an same shi riƙe da abin farauta, a soke su tare. A ƙarƙashinsa a sa 'yar takarda mai ɗauke da sunan wuri, da kwanan wata, da irin wurin da aka same shi, ko yashi ne ko kara ko kututture. In hoto kaɗai za a iya ɗauka, a ɗauki uku: ɗaya ta gefe, ɗaya ta fuska, ɗaya ta sama inda jijiyoyin fiffike suka fito sarai, tare da rula a gefe don a san tsawonsa.